Hirar 'Yan Kallo a Kasuwar Kwastam, Maiduguri: Tarken da Ba a Rubuta Ba

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin wasan kwaikwayon Hausa sun daɗe da sabawa da hanya guda. Akan ɗauko littafi, a fitar da jigonsa, a warware shi, a dubi zubi da tsari, a lissafa taurari, sannan a kawo misalan salon sarrafa harshe. Da wannan ma'auni aka auna Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Uwar Gulma na Mohammed Sada da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, kuma da shi ɗalibanmu suke auna wasannin talabijin a kundayensu na neman digiri. Hanya ce mai amfani, ba a musun haka. Sai dai tana da giɓi guda, wato ba ta tambayar abin da masu kallo suke faɗa game da wasan, alhali kuwa domin su aka yi shi.

Abin da ya jawo wannan maƙala shi ne wata muhawara da aka yi a wani taron ƙara wa juna sani da na halarta, inda wani ɗalibi ya nuna sha'awar nazarin hirar da 'yan kallo suke yi a majalisa bayan an gama wasa. Wani daga cikin manya ya ce masa wannan ai surutun teburin mai shayi ne, ba adabi ba ne, ba kuma nazarin harshe ba ne. Aka yi dariya, yaron ya zauna. Ni ma ban ce uffan ba a lokacin, kuma shirun nan ya daɗe yana damuna, domin tun da aiki ya raba ni da ƙasar Sakkwato ya kawo ni Maiduguri, babu inda na fi samun abokan hira kamar a irin wannan teburi, a Kasuwar Kwastam.

Manufar maƙalar ita ce a nuna cewa hirar 'yan kallo tarke ce mai ma'auni, kuma ma'aunin nata daga filin dambe aka ɗauko shi. Za a dubi yadda ake amfani da shi wajen yanke wa wasannin talabijin hukunci, da yadda ya kasa ɗaukar tseren babur, da kuma irin Hausar da ake yin hirar da ita. Misalan da aka kawo maganganu ne da suke yawo a bakin jama'a, na ji su a lokuta daban-daban, saboda haka ba a danganta su ga kowa ba.

2.0 Wurin da Masu Hirar

Kasuwar Kwastam tana gabashin tsakiyar Maiduguri, a yankin Gamboru, kusa da kogin Ngadda, a bakin hanyar da take zuwa Dikwa har ta dangana da Gamboru-Ngala a kan iyakar Kamaru. A shataletalen wannan unguwa aka gina gadar sama ta farko a Jihar Borno, wadda aka buɗe a watan Disamba na 2021. Masu zama a majalisar da nake magana a kai 'yan kasuwa ne da yaran shago da direbobin Keke NAPEP da 'yan dako. Akwai Barebari da Shuwa da Babur-Bura da Margi da Fulani, akwai mutanen Gwoza, akwai kuma Hausawa, waɗanda Barebari suke kira Afuno. Kowa da harshensa na gida, amma da zarar an zo maganar dambe ko wasan daren jiya, sai a koma Hausa. Ba a kan doka ake yin haka ba. Wasan da Hausa aka yi shi, kirarin ɗan dambe da Hausa ake yin sa, don haka gardamar ma da Hausa take tafiya.

Wajibi ne a tuna irin halin da garin ya shiga, domin ya shafi kallon kansa. An sha sanya dokar hana fita da dare a shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, an katse layukan wayar hannu a 2013, sannan a farkon 2021 aka lalata turakun da suke kawo wutar lantarki daga Damaturu, garin ya daɗe a cikin duhu. Wannan ya sa kallo ya zama abin tarayya. Wanda yake da janareto ko farantin hasken rana shi yake gani, wanda ya sauke wasan a wayarsa shi yake tura wa saura, wanda kuwa bai gani ba sai a ba shi labari da safe. Ke nan da yawa daga cikin masu hirar ta bakin wani suka san wasan, kamar yadda ake sanin tatsuniya. Mai ba da labarin yakan ƙara gishiri, wani ya gyara masa, daga nan gardama ta tashi.

3.0 Dambe a Matsayin Ma'auni

Dambe wasan mahauta ne tun asali, wanda aka fi yi da kaka, kafin ya koma sana'a ta kowane lokaci a gidajen dambe irin su dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano da na Dei-Dei a Abuja. Tsarinsa sananne ne: ana naɗe hannu ɗaya da zare, ana yin turmi uku, wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa an ce ya kashe shi, in kuwa turmi uku suka cika ba wanda ya faɗi sai a ce babu kisa, a raba su. 'Yan wasa sun kasu ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus, kuma magoya baya sukan riƙe ɓangare ɗaya su zauna a kansa. Ga makaɗa da kalangu, ga kirari, ga kuma tsarin laƙabi wanda yake nuna silsila: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Sunan Shago kansa daga shahararren ɗan damben nan da Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya waƙe ya bazu, har ya zama kalmar da ake kiran almajirin kowane gwani da ita.

Mafi yawan masu hirar Kwastam ba su taɓa shiga gidan dambe a Kano ko Abuja ba. A waya suke kallo, ta YouTube da Facebook. Duk da haka kalmomin fagen sun zauna a bakinsu, kuma abin da ya ja hankalina shi ne yadda suke fitar da su daga fagen su ɗora a kan wasan kwaikwayo. Dubi waɗannan:

(1) Wannan zangon turmi uku aka yi, babu kisa.
(2) Tun a turmin farko Baba Ɗan Audu ya kashe su duka.
(3) Marubucin nan bahago ne, ba ka ganin ta inda hannunsa zai fito.
(4) Kirarin ya fi damben yawa.
(5) An sayar da wasan nan.

Mai nazarin ma'ana zai ce wannan faɗaɗa ma'ana ne, mai nazarin salo ya ce siffantawa ce, kuma duk sun yi daidai. Amma idan aka tsaya nan an bar jaki ana dukan taiki. Kowace jimla daga cikin biyar ɗin nan hukunci ce a kan wani ɓangare na ginin wasa. Jimla ta (1) tana magana ne a kan warwarar rikici: an ƙulla matsala, an ja ta tsawon zango guda, an tashi ba a warware ba. Mai faɗar haka ya bambance jan rai da jan lokaci, bambancin da ɗalibanmu da yawa ba sa iya fitarwa a rubuce. A wurinsa rashin kisa ba laifi ba ne in an yi damben gaske, domin akwai karawar da ake tashi babu kisa amma kowa ya gamsu. Abin da yake ƙi shi ne a yi ta zagaye fili ana nuna hannu ba a kai naushi ba.

Jimla ta (2) a kan Labarina take, wasan Aminu Saira da ya fara fitowa a 2020, kuma tana nuna cewa ɗan wasan da ya fito a matsayin Baba Ɗan Audu, wato Rabi'u Rikadawa, ya rinjayi waɗanda suke tare da shi a fitowa guda. Abin lura shi ne Baba Ɗan Audu ba shi ne babban tauraro ba, kuma ba mutumin kirki ba ne a cikin labarin. A tsarinmu na aji za a sa shi cikin ƙananan taurari a wuce. Masu hirar kuwa sun raba matsayin mutum a cikin labari da ƙarfinsa a gaban kyamara, suka ba na biyun suna. Mu har yanzu ba mu da daidaitacciyar kalma ta wannan.

Jimla ta (3) ita ta fi burge ni. Bahagon ɗan dambe yana da wuyar karawa domin naushinsa yana zuwa ta inda ba a saba tsaro ba. Da aka kira marubuci bahago, ana nufin ya iya ba-zata, amma ba-zatar da take cikin ƙa'ida: hannun yana nan a naɗe tun farko, kowa yana ganinsa, kai ne ba ka tsare wajen ba. Wannan ya sha bamban da marubucin da zai jefo hatsarin mota ko ciwon mantuwa daga sama don ya kuɓuta daga ƙullin da ya kasa kwancewa. Shi wannan na biyun da jimla ta (5) ake hukunta shi. A fagen dambe, sayar da wasa shi ne ɗan wasa ya faɗi da gangan. A wasan kwaikwayo kuwa shi ne tauraro ya aikata abin da bai dace da halinsa ba saboda wani dalili na wajen labari, ko don ɗan wasan ya yi tafiya, ko don a faranta wa masu talla, ko don a ƙara zango. Jimla ta (4) kuma a kan tallar da ake saki kafin sabon zango take, idan ta yi alkawarin abin da wasan bai cika ba.

Tsarin laƙabin dambe ma ya yi musu aiki a wata gardama da ta daɗe. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce Sumayya ta tafi, wannan wata ce. Wasu suka ce suna ba ya mutuwa, ai Shago ɗaya ne amma shagogi ba su ƙirguwa, wanda ya gaji suna sai a bar shi ya shiga fili a ga hannunsa. Wannan tambaya, ko tauraro na marubuci ne ko na ɗan wasan da ya fara sanya masa jiki, tambaya ce da ba ta tasowa a nazarin rubutaccen wasa, domin a takarda Jatau ba shi da fuska. Talabijin ce ta haifar da ita, kuma a teburin mai shayi na fara jin an yi mata amsa mai hujja.

Game da Daɗin Kowa, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2015, hukuncin ya ɗan sauya. Ba a cika neman kisa a cikinsa ba, domin an fahimci cewa shi ba karawa ɗaya ba ne, gari ne guda ake bi gida-gida. Rigimar Kamaye da Adama ba a son ta ƙare. Amma duk inda wasan ya taɓo gudun hijira da tayar da ƙayar baya, nan masu hirar suke ajiye ma'aunin dambe su ɗauko na shaida, domin a kansu abin ya faru. Sai ka ji ana cewa ba haka ake gudu ba, ko ba haka mai gudun hijira yake magana ba. Irin wannan gyara ba shi da wurin zuwa, yana ƙarewa ne a inda aka yi shi.

4.0 Babur a Garin da Babu Babur

A watan Yuli na 2011 gwamnatin Jihar Borno ta hana hawa babur a Maiduguri da kewaye saboda yadda ake amfani da shi wajen kai hare-hare. Acaɓa, wanda mu a Sakkwato muke kira kabu-kabu, ya ɓace daga titi, Keke NAPEP ya maye gurbinsa. Da yawa daga cikin direbobin keken da suke zama a majalisar tsofaffin 'yan acaɓa ne, samarin kuwa sun tashi ba su san garin da babur ba. Amma dukansu suna kallon tseren babur a waya, gajerun hotuna na gasar MotoGP da kuma na tseren tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ailan. Shi wannan na biyun tun 1907 ake yin sa, a kan titin gari da ake rufewa, zagaye ɗaya kimanin kilomita 60, ana wucewa ta gaban gidaje da katangu da gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a, kuma fiye da mutum 250 sun rasa rayukansu a kan wannan hanya.

A nan ma'aunin dambe ya gaza, kuma gazawar tasa tana koyar da wani abu game da shi. Ɗan tsere fuskarsa a rufe take da hular kwano, ba ya kirari, ba shi da makaɗi, a tsibirin Man ma ba tare ake tashi ba, ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, da agogo ake karawa. Dattawan majalisa suna ganin wanda ba shi da abokin gaba a gabansa ba za a kira shi jarumi ba, sai dai mai ganganci, wasu ma su kai shi ga mai neman kashe kansa. Samari kuwa suna ƙoƙarin cike giɓin da laƙabi. Da yake lamba ce kawai ake gani, sai ta zama suna: Valentino Rossi, wanda ya bar MotoGP a 2021, shi ne Mai Arba'in da Shida, Marc Marquez kuma Mai Casa'in da Uku. Ƙirar sunan irin ta Dogo Mai Takwasara ce, wato an jawo baƙo an sa shi cikin sahun 'yan dambe don a sami abin riƙewa. Amma laƙabin bai haifi silsila ba. Ban taɓa jin an ce Shagon Mai Arba'in da Shida ba.

Abin da babur ya bayar shi ne kalmomin sauri. Akan ce wasa ya murɗa totur idan al'amura suka fara gudu, ko ya taka birki, ko ba ya shiga giya, ko marubuci ya sha kwana. Tsofaffin 'yan acaɓa su suka fi amfani da su, kuma a bakinsu akwai wani ɗanɗano na kewa, domin kalmomin sana'ar da aka raba su da ita ne. Ke nan dambe yana auna ƙarfi da sakamako, babur yana auna tafiya.

Akwai wani wasa da kalma da ya dace a kawo a nan. Kwana Casa'in, wasan siyasa na Arewa24 da ya fara a 2019, yana ba da labarin jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada da abokin hamayyarsa Malam Adamu, matsayin da marubuci Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a ciki. Kwana a sunan wasan ita ce ta lissafin ranaku, mai dogon wasali a gaɓar farko da karin sauti sama-sama, kuma namiji ce. Amma akwai ɗaya kwanar ta aro, wato lanƙwasar hanya, mai gajeren wasali a gaɓar farko da karin sauti sama-ƙasa, kuma mace ce. Direbobin majalisa sukan furta sunan wasan da ta biyun da gangan, su ce ai wasan kwana casa'in ne, kowane ɗan siyasa a ciki sai ya sha kwana ya bar mutanensa. A rubutun boko na yau da kullum kalmomin biyu ba su da bambanci, don haka wanda ya rubuta hirar ba tare da alamar karin sauti da tsawon wasali ba ya kashe azancin. Wannan ya nuna cewa masu faɗar sun riƙe bambancin sauti sarai, ko da kuwa ana cewa Hausarsu ba ta nuna ba.

5.0 Hausar da Ake Hirar da Ita

Wani dalilin da ya sa ake raina irin wannan hira, in a Maiduguri aka yi ta, shi ne Hausar. Gaskiya ne cewa a bakin da yawa daga cikin masu hirar jinsi yakan tafi, a ce mace ya zo, a ce motan nan. Haka nan ƙ da ɓ da ɗ sukan koma k da b da d, ts ta koma s. Ni kaina da na zo, da kunnen Basakkwace na zo, kuma na yi shekara ina gyara wa mutane magana a zuciyata kafin in lura cewa su ma dariyar tawa Hausar suke yi, musamman in na ce shina ko na ce mi. Har yau wani dattijo Babarbare in ya ga na iso yakan ce, Malam, zo ka fassara mana Hausarka da Hausa.

Ya kamata masu nazari su yi hattara a nan. Tun 1960 Joseph Greenberg ya nuna irin bashin da Hausa ta ci daga Barbarci, a kalmomin karatu da rubutu da sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima. Kalmar kasuwa kanta ta wannan hanya ake ganin ta shigo. Mutanen da suka ba mu waɗannan su ne yau suka karɓi harshen suna gardamar dambe da shi, a ƙasar daular da ta girmi daular Sakkwato da ƙarnuka. Ko ana so ko ba a so, wannan Hausa ce ta miliyoyin mutane, kuma ba ta tsaya a ciniki ba, ta kai ga siffantawa da habaici da wasa da karin sauti. Mun karɓi Hausar bariki daga bakin Samanja, marigayi Usman Baba Pategi, muka yi ta nazarinta domin a talabijin ta fito. Wadda ake yi a gabanmu kuwa mun bar ta.

Ana iya kwatanta wannan da ƙasar Ailan. A can an kafa ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA a 1884 domin a kare ƙwallonsu da wasan sandarsu daga wasannin Ingila, mutane kuma suna goyon bayan gundumarsu kamar yadda namu suke riƙe Kudu ko Arewa. A 1996 aka buɗe tashar talabijin ta harshen Ailan, wadda yanzu ake kira TG4, tana nuna waɗannan wasanni da kuma wasan kwaikwayo mai dogon zango, Ros na Rún, duk da nufin a mayar da harshen bakin jama'a. Su da kuɗin hukuma suke neman a yi hirar wasa da harshensu. Mu ana yi mana ita kyauta, har a bakin waɗanda ba harshensu na gado ba ne. Ɗaya gefen maganar, wanda bai kamata Bahaushe ya kawar da kai daga gare shi ba, shi ne abin da Barbarci yake rasawa a wannan ciniki. Yaron da yake gardamar Labarina da Hausa a kasuwa, da ita yake komawa gida.

6.0 Inda Tarken Yake da Rauni

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da aka faɗa a majalisa hikima ce. Babban rauninta shi ne ɓangaranci. Wanda ya riƙe ɗan wasa ya riƙe shi ke nan, kamar ɗan Guramaɗa da ba ya taɓa yarda an kashe nasa da gaskiya, kullum santsi ne ko alƙali. Haka kuma mutanen da suka iya raba Rikadawa da Baba Ɗan Audu idan ana maganar gwaninta, su ne kuma za su zagi 'yar wasa a kan abin da ta aikata a cikin labari kamar a gidansu ta yi. Idan gardama ta zo kan tufafi ko zaman mace da namiji a fitowa guda, sai ma'aunin dambe ya ɓace gaba ɗaya, a koma wa'azi, wanda ya fi ɗaga murya ya yi nasara. Sannan ma'aunin kansa yana da makanta: yana son karo, ba ya ganin fitowar da aka yi shiru a cikinta, ko wadda aka gina a kan kunya da kawaici, alhali a nan ne wasu 'yan wasan suka fi nuna iyawarsu. Tarke ne kuma da ba shi da ajiya. Hukuncin da aka yanke yau, gobe an manta wanda ya yanke shi.

Rauni na ƙarshe nawa ne, ba nasu ba. Duk abin da na kawo daga bakin maza na ji shi. Mata su ne suka fi kallon waɗannan wasanni, kuma masu sayar da kayan miya da turaren wuta a cikin kasuwar suna tasu hirar, wadda nake jin gutsurenta idan na je cefane. Daga ɗan abin da kunnena ya kama, ba da turmi da kisa suke awo ba. Na fi jin kalmomin girki da na zaman gida, wasa ya yi lami, ko an sauke shi bai nuna ba, ko wance ba ta iya zama da kishiya ba ko a fim. Ko wannan wani ma'auni ne mai zaman kansa, ko kuwa gutsuren ne ya ruɗe ni, sai mace mai nazari ta zauna a cikinsu za a sani, domin ni in na tsaya sai a yi shiru a tambaye ni abin da zan saya.

Bayan ambaliyar da ta biyo ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024, wadda ta mamaye Gamboru da Kwastam da Kasuwar Monday, majalisar ta watse na wani lokaci, akwatin talabijin ɗin mai shayin ma ruwa ya ci shi. Da aka dawo, wasu daga cikin waɗanda na fi jin misalan nan a bakinsu ba su dawo ba, sun koma wasu unguwanni. Ban taɓa ɗaukar muryar ko ɗaya daga cikinsu ba, abin da na rubuta a bayan takardun jarrabawa shi ne kawai a hannuna, kuma ban sa masa alamar karin sauti ba sai a wuri biyu ko uku.